Tambaya da Amsa: Me ya kayar da jirgin Bessie Coleman?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum ina ganin ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa suna shawagi a samanmu. An ce baƙar mace ta farko da ta tuƙa jirgi a hatsari ta rasu. Rashin ƙwarewa ne? Daga wata ɗaliba, Palladan, Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam, 'yata. Ko kusa. Bessie Coleman 'yar Amurka ce, makarantun ƙasarta suka ƙi karɓarta, sai ta koyi Faransanci ta tafi Faransa, ta samu lasisi a 1921. A ranar 30 ga Afrilu 1926, a garin Jacksonville na Amurka, inda hatsarin ya faru, ba ita ke tuƙi ba ma, makanikenta William Wills ne.

Jirgin tsohon Curtiss JN-4 ne, mai fuka-fuki hawa biyu. Katako ne aka lulluɓe da yadi, injinsa na da ƙarfin doki 90. Sandar tuƙi da wayoyi take jan jela da gefen fuka-fuki, kuma wayoyin a buɗe suke a cikin jirgin. An bar sifana a ciki, ta gangara ta maƙale a kayan sarrafawa, sanda ta ƙi motsi. Jirgi ya yi ƙasa da kai, ya kife. Ita kuwa ba ta ɗaura bel ba, domin tana leƙen filin da za ta dira da laima washegari, sai ta faɗo. Wills ma bai tsira ba.

Abin takaici ne, domin sakaci biyu ne masu sauƙin kaucewa. Shi ya sa a yau injiniya ke ƙirga kayan aikinsa kafin ya buɗe jirgi da bayan ya rufe; in ɗaya ya ɓace, jirgi ba zai tashi ba sai an gano shi. Kwalejin da kike gani an kafa ta a 1964, kuma nan Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci. Daga baya ta shugabanci kwalejin.

Tambaya: Matan zamanin da sun san gyaran mota, ko tuƙi kawai suka iya? Daga wani makanike, Sabon Gari.

Amsa: Malam, dole ce ta sa su iya, tun da babu gareji a hanya. A 1888 Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, kimanin kilomita 106. Bututun mai ya toshe, ta zira tsinken hularta ta buɗe shi. Wayar wuta ta zama tsirara, ta naɗe ta da maɗaurin safarta. Birkin katako ya cinye, ta sa baduku ya manna masa fata. Mai kuwa a kantin magani ta saya.

A tseren mota kuwa, wata 'yar Faransa, Camille du Gast, ta shiga gasar Paris zuwa Madrid a 1903. Tana cikin na gaba ta tsaya ceton wani direba da motarsa ta kife, ta rasa matsayinta.