Amsa ga mai tambaya kan bishiyar Kirsimeti da ganyenta ke ƙonewa

'Yar'uwa ina ganin hoton da kika sa, gabana ya faɗi, haka tawa ta fara sak. Kin ce tana cikin tukunya a waje, ganyen na komawa ja yana zuba alhali kullum kina ba ta ruwa. To wannan kullum ɗin ne ya tsaya min a rai.

Ki kwantar da tukunyar ki zaro ta da ƙasarta ki duba saiwar tukuna. Tawa irin mai rassa hawa-hawa ɗin nan ce, araukeriya, wajen wani mai fulawa na saya a bakin titi nan Jos, ya yi ta rantsuwa ta kama, har kuɗin tukunya ya caje ni daban. Ashe bawan Allahn nan ko baƙar ledar da aka rene ta bai cire ba, haka ya cusa ta cikin tukunyar siminti marar huji ko ɗaya ya barbaɗa baƙar ƙasa a sama don ganin ido. Duk ruwan da nake zubawa kwanciya yake a gindi. Ranar da na zaro ta warin da ya buge ni sai ka ce kwata, saiwar ta yi baƙi ta yi lugub, in na ja sai ɓawon ya saluɓe ya bar min zare a hannu. Na ɗauke ta a Keke na kai masa, mutumin nan ko kunya babu, wai hannuna ne ba ya karɓar shuka! Har da cewa in sayi wata zai min ragi. Ga yara sun gama sayen kayan ado suna jira, ƙaramar har kuka. Har yau in na bi ta wajen kau da kai nake.

Saiwa mai lafiya fara ce da ƙarfi, ba ta wari. In taki haka take to ba ruɓewa ba ne, ki lura daga ina jan ya fara. In na ciki ne kusa da jikin itacen ko rassan can ƙasa, tsohon ganye ne, dama tana zubar da shi. In kuma bakin rassan ne, gefe guda ya fi, wanda iska ke bugawa, hunturu ne ke busar da ita, ki matsar da ita jikin katanga inda za ta samu ranar safe kawai. Tukunyar baƙar roba a kan siminti ma da rana dafa saiwa take, ki ɗora ta kan katako.

Ruwa kuwa ki tura yatsa a ƙasar, in gaɓa biyu ta bushe ki zuba sosai har ya fito ta hujin ƙasa, in da danshi ki ƙyale ta. Kuma ki tambayi yaran gida ko suna juye ruwan wanki a ciki, maƙwabciyata haka tata ta tafi, har yau ba wanda ya amsa laifi a gidan.

Af, ki samu farar takarda ki tara ƙarƙashin reshe ki girgiza, in kin ga wasu ɗige-ɗige suna motsi, kin murje sun bar ja, ƙananan ƙwari ne masu saƙa kamar ta gizo, ƙura da bushewa suke so. Ki rinƙa wanke ta da ruwa mai ƙarfi da safe har ƙarƙashin rassan.

Don Allah kar ki bari a ce miki ki zuba takin zamani na NPK ko ɗanyen kashin kaji, nasan akwai masu faɗin haka a nan, ƙarasa ta zai yi. Wanda ya yi ja ba zai koma kore ba, ki kankare ɓawon reshen da farce, in cikin kore ne da rai, in ya bushe ƙamas ki yanke. Amma kan can sama kar ki taɓa, in ya tafi siffarta ta lalace.

Ki turo mana hoton saiwar da na gindin tukunyar mu gani ko akwai huji.