Amsa ga mai tambaya kan ɓangarorin kos ɗin shaƙatawa, wasanni da yawon buɗe ido

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki, kin ce kin gama shekarar farko an ce ki zaɓi ɓangare ɗaya, kina son ƙwallo sosai amma kina tsoron kar ki zaɓa ki dawo kina da-na-sani. To nima kos ɗin na yi, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Makarantu da dama gida uku suke raba shi, gudanar da wasanni, yawon buɗe ido, sai kuma shaƙatawa. Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign a Amurka ma haka ta raba nata. Ni wasanni na ɗauka don son ƙwallo kamar ke, kuma wallahi ranar da na fara zaman sanin makamar aiki a wani kulob na gane ashe son wasa daban, aikin wasa daban. Wata uku ina ofishin tikiti, ina kiran kamfanoni ina neman masu ɗaukar nauyi, wasu su saurare ni wasu su kashe waya, ranar wasa kuma ina tsaye a get da rediyon oba-oba a hannu, na juya wa fili baya, sai dai in ji ihun mutane in san an ci. Darussan ma haka suke, dokar kwantiragi, talla, lissafin kuɗi, yadda ake kula da filin wasa da tsaron 'yan kallo. Tun 1966 da Jami'ar Ohio ta buɗe digiri na biyu a wannan fanni abin da ake nema kenan, masu iya riƙe ofis. Aiki akwai, amma kowa can yake rububi, kuma asabar da lahadi ba naki bane.

Yawon buɗe ido kuwa tsara wuraren ziyara ne, shirya manyan taruka, harkar otal, da yadda baƙi za su zo ba tare da sun lalata wuri ko sun takura mutanen gari ba. In kina da yare na biyu kina da babban jari. Sai dai harka ce mai saurin girgiza, a 2020 lokacin korona tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe ya faɗi da sama da kashi 70 cikin ɗari, abokan karatuna da yawa sai da suka zauna a gida.

Wanda mutane suke rainawa shi ne shaƙatawa, kuma abin yana min ciwo gaskiya, don a nan na ƙare kuma a nan na samu natsuwa. Wuraren shaƙatawa, cibiyoyin matasa, sansanin yara lokacin hutu, shirye-shiryen tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Akwai ma reshen da ake amfani da wasa da motsa jiki a taimaki marar lafiya ya farfaɗo, na ga dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama, hannunsa na rawa yana ƙoƙarin cafke ƙaramar ƙwallo, ranar da ya cafke sau biyar a jere matarsa hawaye take. Wannan reshen fa yana da sharuɗɗa, a Amurka kafin ki samu shaidar CTRS, wato takardar shaidar ƙwarewa a wannan aikin, sai kin yi darussan sanin jikin ɗan adam da halayyarsa, sannan ki yi awa 560 na aiki ƙarƙashin ƙwararre, don haka in ranki ya kwanta da shi tun yanzu za ki fara ɗaukar darussan, kar ki bari sai shekarar ƙarshe.

Kafin ki cike fom ɗin nan ki nemi aikin sa kai ko na sati biyu ne a kowane ɓangare, ki ga yadda ranar litinin ɗinsu take. Sannan ki je wurin mai ba ku shawara a sashe ki tambaya ko za a barki ki ɗauki darussan zaɓi daga wani ɓangaren, musamman na shirya taruka, don shi duk ukun suna buƙatarsa. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.