Sun kwashe min leda a kasuwa wai an hana sayarwa, mi doka tac ce?

Tambaya: Salamu alaikum Barista, ni ina sana'ar leda ne a babbar kasuwar Sakkwato, sari nike yi, ina ɗauko kaya Kano ina ba masu shaguna, wani lokaci har Illela da Ƙonni nike kai kaya. Satin da ya wuce wasu mutane sunka zo shagona sunka ce daga hukuma suke wai gwamnati ta hana baƙar leda, sunka ɗauki dila biyu sunka ce in kawo tarar dubu talatin kafin su maido min, ba takarda ba rasit. Don Allah da gaske an hana? Kuma mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi maida alheri. Kar ka ba kowa ko sisi tukuna, ka ji yadda abin yake.

Hanin da kake ji a rediyo da Facebook na jihar Legas ne. Su ne sunka hana farar robar tekawe mai kama da soso a watan Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 sunka fara kamen tsinken shan lemo na roba da kofuna da cokulan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, da leda marar kauri wadda ba ta kai mikiron 40 ba (mikiron ma'aunin kaurin leda ne), amma ko can ɗin ba su taɓa ledar fiya wata ba. To dokar Legas iyakarta Legas, ba ta da hurumi a kan ɗan kasuwar da ke zaune Sakkwato. Ita kuma gwamnatin tarayya abin da ta yi a Yunin 2024 shi ne hana irin waɗanga robobi cikin ma'aikatunta da ofisoshinta, shagonka kuwa ba ofishin gwamnati ba ne. Sai kuma ƙudurin da majalisar wakilai ta amince da shi a 2019, wanda ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3, shi ne mutane ke yawan kawowa suna tsorata 'yan kasuwa da shi, alhali bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba, kuma ƙudurin da ba a sa ma hannu ba bai zama doka ba.

Garkuwarka tana cikin tsarin mulkin 1999, sashe na 36(12), wanda ya ce ba a kama mutum da laifi sai in akwai rubutacciyar doka da ta fayyace laifin kuma ta faɗi hukuncinshi. Sanarwar kwamishina a rediyo ba ta wadatar ba, balle maganar baki a ƙofar shago. Saboda haka duk wanda ya ce ka yi laifi, cikin ladabi ka tambaye shi wace doka ce, ta majalisar jiha ce ko ta ƙaramar hukuma ko ƙa'idar NESREA, wato hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, kuma sashe na nawa. In da gaske akwai ta ai ba ɓoyayya ba ce, tana cikin gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, lauya zai iya dubo maka ita a ma'aikatar shari'a. Sashe na 44 kuma ya kare dukiyarka. Gaskiya ne jami'i na iya riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike in doka ta ba shi dama, amma da takarda ake yi, a rubuta abin da anka ɗauka da adadinshi da sunan wanda ya ɗauka, tara kuma asusun gwamnati take shiga a ba ka rasit. Dubu talatin hannu da hannu sunanta cin hanci, kuma a dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC mai bayarwa ma yana da laifi, kar garin neman dila biyu ka jawo ma kanka wata fitinar.

Yanzu ka nemo rasit ɗin da ka sayo kayan da shi a Kano, ka rubuta rana da lokaci da kamannin mutanen da lambar mota in wani ya riƙe, ka samu maƙwabta biyu da anka yi abin a gabansu, ka tafi wajen shugaban ƙungiyarku na 'yan leda ku je tare ofishin da sunka ce daga nan suke, don sau da yawa a nan ake gane cewa ofishin ma bai san da su ba, in haka ne kuwa magana ta koma ta 'yan sanda, sojan gona ne da ƙwace. In kuma ma'aikatansu ne, lauya ya rubuta takarda a nemi su saki kaya ko su nuna doka, ka riƙe kwafin da anka buga ma hatimin karɓa. In sunka yi kunnen ƙashi sai babbar kotu, a nemi kayanka da diyya. Kar ka yi sanya, don akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke ba da wata 3 kacal a shigar da wasu ƙararraki a kansu. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi ka gwada ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta.

Maganar Ƙonni daban take tunda cikin Nijar take, a nan kam ka yi hattara. Nijar tana da doka tun 2014 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda marar kauri, ganin da kake yi ana sayarwa a kasuwanninsu bai soke ta ba, ranar da kwastam ɗinsu sunka ga dama sunka tsare kayanka babu abin da tsarin mulkin Najeriya zai yi maka, a kotunsu za a yi ta kuma doka na bayansu.

Kuma Alhaji tsakani da Allah, ni ina cikin masu son a taƙaita wagga leda. Je ka kwata da safe ka tsaya wurin masu gyaran kayan ciki, za ka ga ana zaro ƙullin baƙar leda daga tumbin saniya ko jar akuya, ta cure ta yi tauri, dabbar ta daɗe tana ramewa mai ita na ta sayen magani bai san dalili ba. Da damina kuma ita ke toshe muna lambatu ruwa ya shiga gidajen mutane. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya 2017, kuma tarayya ta fitar da manufar sharar roba a 2020, to kar ka zuba duk jarinka a sirirriyar leda. Ka fara rage ta kana ƙara mai kauri da jakar buhu wadda ake maimaitawa, kuma duk sarin da za ka yi nan gaba ka sa kamfanin ya rubuta maka kaurin ledar a jikin rasit, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa in doka ta fito za su karɓi abin da ya rage ko su musanya maka.