Amsa: Zuwa Atlas Studios a Warzazat

Malam, ka tambaya ko ya dace ka baro Marrakesh don ganin wurin shirya fina-finai na Warzazat a ƙasar Maroko. Ka je, amma ka ware kwana biyu. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, sai dai hanyar ta hau duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tichka, mai tsayin sama da mita 2,200, lanƙwasa kan lanƙwasa, tana cin kamar awa huɗu.

Atlas Studios yana bakin gari, tun 1983 aka kafa shi, kuma ɗan jagora ne ke zagayawa da baƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ginin Fir'aunan Masar ne. Daga nesa sai ka rantse dutse ne, amma da na ƙwanƙwasa ginshiƙi sai na ji holoƙo, ashe filasta ce da katako, ta baya kuma sanduna ne suka tokare bangon. Rana da iska sun ɓare fentin wasu wurare, duk da haka na daɗe ina jinjina wa masu wannan aikin hannu. Akwai kuma gidan ibadar Tibet da aka gina don fim ɗin Kundun na 1997.

Ka shiga da sassafe, da hula da gorar ruwa, don inuwa ba ta da yawa.

Kada ka tsallake Ait Ben Haddu, kilomita kusan 30 daga nan. Shi kam tsohon gari ne na gaske, ginin laka a kan hanyar fataken Sahara, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi a 1987. A can aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Gladiator.