Bijimi yana hawa amma shanu ba sa ɗauka: ina matsalar take?

Wani Alhaji daga wajen Funtuwa ya aiko cewa ya sayi bijimi Bokolo mai kyan ƙira, yana hawa ba kasala, amma cikin shanunsa goma sha biyu, biyu kaɗai suka ɗauki ciki. Sauran sai su sake neman barbara. Maƙwabta sun ce juya ne, ya sayar da su. Ɗansa ɗan jami'a kuma ya ce ƙila lahani ne a kuromosom ɗin bijimin.

Alhaji, kada ka taɓa shanun tukuna. Shanu goma ba sa zama juya a shekara ɗaya. Idan garke duka ya ƙi ɗauka, namijin ake fara tuhuma, domin hawa daban, ingancin maniyyi daban.

Maganar ɗanka tana da tushe. A cikin ƙwayoyin halittar jikin dabba akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da gado, su ake kira kuromosom. Na shanu 60 ne, na awaki 60, na tumaki 54, na ɗan Adam 46. Bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Idan maraina za su ƙera maniyyi, sai kowane zare ya nemi abokinsa su jeru, sannan a raba, kowace ƙwayar maniyyi ta tafi da 30. Kamar a raba takalma ne, kowane ɓangare ya ɗauki ƙafa ɗaya. To a wurin rabon nan ake samun kuskure: wata ƙwaya ta tafi da ƙari, wata da giɓi. Abin takaici, irin wannan maniyyi yana iyo lafiya lau, yana shiga ƙwan saniya, ciki ya fara, sai ɗan tayin ya mutu tun ba a san da shi ba. Kai dai abin da za ka gani shi ne saniya ta dawo neman namiji, wani lokaci a kan kwana 21 ɗinta, wani lokaci ta makara.

Sanannen misali shi ne wanda aka gano a shanun Suwidin a 1964, inda zare mai lamba 1 da mai lamba 29 suka manne da juna, dabbar ta zama tana da 59. Ido ba ya ganewa, sai an ɗebi jini an duba. Kusan rabin 'ya'yan irin wannan bijimi suna gadon lahanin, shi ya sa aka riƙa gwada bijiman da ake ɗibar maniyyinsu ana ware masu shi. Ba shi da magani. Babu allura, babu jiƙo, babu kanwar da za ta raba zaren da ya manne.

Amma ni a ganina ba wannan ne ya same ka ba. Mannewar 1 da 29 ɗan ragi take yi wa haihuwa, ba ta kashe garke haka. Biyu cikin goma sha biyu ya fi kama da zafi, ciwo ko yunwa. Maraina suna buƙatar su fi jiki sanyi da 'yan digiri kafin rabon ya tafi daidai. Bijimin da aka turke a rana cikin Afrilu, ko wanda zazzaɓin sammore ko boru ya kayar, ko wanda aka cika wa dusa da ƙuli har kitse ya naɗe wuyan jakar marainansa, maniyyinsa na lalacewa. Ƙera maniyyin sa yana cin kusan kwana 60, na rago kusan 49. Ke nan ciwon da ya yi wata biyu baya shi kake girba yau, kuma ko ya warke sai ka ba shi wata biyu kafin ka yanke masa hukunci.

Ka sa a riƙe shi ka shafa da hannunka. Maraina biyu su zama kusan girma ɗaya, masu ƙwari ba tauri kamar dutse ba, ba lugub ba, suna zamewa a cikin jaka. Kumburi da zafi a ɗaya, musamman idan wata saniya ta taɓa ɓari a garken, ka yi zaton bakkale, ka kuma daina shan nonon garken ba a tafasa ba, don tana kama mutum. Ƙananan maraina a jikin ƙaton sa kuwa alama ce mara kyau. A irinsu ake samun wanda ya zo da ƙarin zare irin wanda mace ke da shi biyu namiji ɗaya, 61 maimakon 60, kuma irin wannan ba ya haihuwa. Shi na yanka ne, ka yi kiwonsa ka kai kara. Daga nan ka nemi likitan dabbobi ya duba maniyyin a madubin likita mai ƙara girma. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello sun san wannan aiki. Kafin sakamako ya fito, ka ari wani bijimi da aka san 'ya'yansa, kada damina ta wuce shanunka wayam.

Wani kuma ya tambaya me ya sa alfadarinsa ke bin goɗiya amma bai taɓa ba da ciki ba.

Malam, ba zai bayar ba. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, kuma zaren uwarsa da na ubansa ba su dace da juna ba balle su jeru. Rabon yakan tsaya a hanya, maniyyin kirki ba ya fita. Sha'awar kuwa tana nan daram, shi ya sa yake faɗa da cizo. Ka sa a dandaƙe shi da sanyin hunturu, lokacin da ƙuda ya yi sauƙi, ya koma ɗaukar kaya.