Amsa: Ta yaya kiɗa ba waƙa zai nuna ciwon mantuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya yadda makaɗa huɗu kacal, babu mai rera ko kalma, za su ba da labarin uwa da ta daina gane 'ya'yanta. Ƙarancin nasu ne ma sirrin. A irin wannan kiɗan na Turawa, goge biyu, biyola da celo (manyan goge masu kaurin murya), kowane yana da muryarsa kamar mutanen gida ɗaya.

Dabarar da na fi so ita ce a kafa ɗan amo tun farko har kunne ya haddace shi. In ya dawo, sai a ji ya ɓalle, an bar gurbi shiru. Celo ya fara jimla ya kakare, gogen ya ƙarasa masa, yadda nake ƙarasa wa kakata sunan ƙaninta idan ta tsaya tana kallona. Wasu masu tsara kiɗa suna cika hayaniya don nuna ruɗewa, ni kam wannan ba ya taɓa ni.

Abin ba sabo ba ne. Smetana, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Czech, ya kammala kiɗansa na biyu na goge huɗu a 1883, yana kurma, tunaninsa na rikicewa. Saurari kiɗan, za ki ji yana guntulewa.