Amsar Gwaggo Kan 'Yar Fari da Wayarta

Assalamu alaikum 'yata. Ya maigidan, ya yaran? Saƙonki ya iso ni. Kin ce kishiyata, wato 'yarki, da shekararta 15 kacal, tana raba dare tana hira da wani da ta haɗu da shi a Instagram, har ya fara cewa ta turo masa hoto ba mayafi. Kina tambaya, tunda 'yar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa, shin al'ada ta yarda ki zaunar da ita kan irin wannan magana, ko ki ƙwace wayar kawai ki ja bakinki.

Kunyar ɗan fari gaskiya ce, kuma ba zan ce ki zubar da ita ba. Amma waɗanda suka bar mana ita ba su bar yarinya haka nan ba mai faɗa mata ba. Uwa tana kawaici ne saboda akwai kaka a gidan, akwai gwaggo, akwai matar wa. Kaka tana wasa da jika, a cikin wasan nan take jin sunan saurayi da unguwarsu tun kafin uwa ta san ana yi. Ku kuwa yanzu daga ke sai mijinki sai yara a gida mai get. Kun riƙe kunyar, masu ɗaukar nauyinta kun baro su a gari. Idan kin yi shiru a wannan gidan, babu wanda zai yi magana a madadinki. Saboda haka ko ki yi da kanki, ko ki ɗora wa wata a cikinmu, ki kuma sanar da yarinyar cewa ga wadda za ta riƙa kai wa damuwarta.

Shi kansa zance ai ba a hana shi ba. Saurayi ya yi sallama, a aiko yaro ya ce wai ana kiran wance, ta fito zaure da tabarma, ƙanwarta na biye, fitila na ci, masu wucewa masallaci suna ganin ko wane ne. Ya zo sau biyu sau uku, a ce ya turo magabatansa, a shiga bincike. Duk tsarin nan abu ɗaya yake tsarewa: kada su keɓe, kuma a san ɗan gidan waye. Malamai ma abin da suke karanta mana ke nan, cewa namiji da mace ba sa keɓewa face Shaiɗan ne na ukunsu. Hirar ƙarfe 1 na dare a ƙarƙashin bargo keɓewa ce, ko da yana Legas tana Kano. Wannan da take hira da shi, wa ya taɓa ganin fuskarsa? Hoton da ya sa ma wataƙila na wani ne.

Hanyarsu kusan ɗaya ce. Yabo da farko, sai kati da data, sai "ki bar Instagram mu koma WhatsApp", sai "kada ki gaya wa kowa". Yau hoto ba mayafi, gobe abin da ya fi haka, da "ai aurenki zan yi" ko "ashe ba ki yarda da ni ba". Zai ce ta turo irin wanda ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. Ki gaya mata wata wayar yake ɗorawa a kai ya ɗauka. Mun ce magana zarar bunu ce. To hoto ya fi ta, don shi ana ajiye shi. Ranar da suka ɓata, ko ranar da aka sa mata rana da wani, ranar zai fito.

Kuma kada ki zuba ido kan mace kaɗai ki manta da ƙaninta. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan ya tura hotonsa ga wata "budurwa" a Instagram. Ashe maza ne daga Legas. Sun nemi dala 1,000 ko su yaɗa hoton, ya tura 300, ba su ƙyale shi ba. An miƙa 'yan'uwa biyu daga cikinsu, Samuel da Samson Ogoshi, ga Amurka a 2023, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A Yulin 2024 kuma kamfanin Meta, mai Instagram da Facebook, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Abin da ya tsaya min a rai game da yaron nan shi ne yana cikin gidansu abin ya faru, amma ya kasa ta da kowa. Tsoron a sani, shi ne jarin mutanen nan gaba ɗaya. Mu da muke cewa "gara mutuwa da abin kunya" a gaban yara, sai mu san da wa muke magana.

Shi ya sa ƙwace waya kaɗai bai gamsar da ni ba. Za ta ari ta ƙawarta a Islamiyya, kuma kin koya mata ɓoyo. Ki sa doka a fili: bayan isha'i duk wayoyin yara suna kwana a ɗakinki, shafinta a rufe yake sai wanda ta sani, kuma za ki riƙa dubawa a gabanta, ba a bayan idonta ba. Wanda yake sonta da gaske, ƙofar gidan ubanta ba a ɓoye take ba.

Sai ki tambaye ta a hankali ko ta riga ta tura. In ta ce e, ki haɗiye abin da ya taso miki. Duka a ranar nan shi zai rufe mata baki har abada. Kada a biya ko sisi, mai karɓa dawowa yake yi. Kada a goge hirar, a ajiye sunan shafinsa da lambarsa da barazanar da ya rubuto, sannan a toshe shi, a kai ƙara ga kamfanin da kuma 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Akwai wani shafi, Take It Down, na 'yan ƙasa da shekara 18: hoton ba ya barin wayarta, wata lamba ake cirowa daga jikinsa, su Facebook da Instagram da TikTok su riƙa tare shi. Ba ya shiga cikin saƙonnin WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa. Hoton kuwa kada ki tura wa kowa, ko ni, ko babanta, da sunan "ku ga abin da ta yi". Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaɗa irin wannan hoton na yaro, ko da wace niyya.

Babanta ya kamata ya sani, amma bayan kin ji bakinta, kuma ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta. Na san ɗan'uwana da ya haife ki, na kuma san irin surukin da ya zaɓo.

In kin ji harshenki ya yi nauyi, ki turo min ita ranar Juma'a bayan an tashi makaranta, ki ce ina neman mai taya ni tsefe kai. Ta zo da wayar. Ki gaida maigidan da sauran yaran.

Gwaggonki.